Jinkar Rumbun Kaka Dudu

A wajen Kaka Dudu tatsuniya ba kyauta ba ce. Kafin ta buɗe baki sai kowane yaro ya ajiye mata labari ɗaya na abin da ya faru a gari ran nan. Ƙafafunta sun daɗe da ƙin ta, iyakarta daga ɗaki zuwa gindin bango inda take shan hantsi, amma ba a yin komai a ƙauyenmu, can bakin kogi tsakanin Haɗeja da Guri, ba ta ji ba. Mu ne ƙafafun nata.

Da an ci tuwon magariba sai Inna, mahaifiyata, ta ɗebo garwashi a kasko ta kai ɗakin Kaka, a barbaɗa masa ɓuntun shinkafa don hayaƙi ya kori sauro. Sauron garinmu kuwa ba ya jin magiya. Mu zauna kewaye da kaskon, ido na hawaye, 'ya'yan gidanmu da na maƙwabta, kowa na ɓoyon labarinsa kada wani ya riga shi faɗa. Wannan ya ce akuyar gidan wanzami ta faɗa rijiya. Wancan ya ce kwalekwale ya kife da kwandunan banda a mashigi, mata na ta tsamo kifin da aka riga aka kama tun makon jiya. Sai Kaka ta karkata kai, ta runtse ido ɗaya.

"Da idonka ka gani, ko da kunnenka?"

In ka ce da kunne, ta ce rabin labari ne, gobe ka ciko. In ka ce da ido, nan ma ba ka tsira ba. "Akuya ce ta buɗe bakin rijiyar da kanta? Wa ya ɗebi ruwa na ƙarshe? Kuma me ya sa sai ran da aka yi cacar baki da matar wanzamin?" Allah ya jiƙan Kaka, ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. Ko kaza ce ta je ta yi ƙwai a wani gida, sai ta ce da hannun mutum a ciki.

Ni kuwa, Azumi, ni ce 'yar gaban goshinta, don kunnena ba ya zubar da komai, bakina kuma ba ya riƙe komai. Kunnen Gari take kirana.

Shekarar da na yi famfara, zamanin Nasara ke nan, iskar farkon damina ta sauko mana da la'asar. An yi ruwa ɗaya, an yi shuka, kowa na murna. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka yi tsit. Ba ta ma daɗe ba, ko tukunyar miya ba za ta nuna ba a tsawonta. Amma da muka fito, sai ka ce an sa muciya an tuƙa garin. Danga a kwance, zana a kan bishiya, ƙwaryar wannan gida a tsakar wancan, tumaki na yawo da turakunsu a wuya. Rumbunmu yana tsaye, amma kansa a buɗe. Jinkar ta tafi. A cikinsa kuwa akwai damman geron da za su kai mu sabon hatsi, ba mu da wani abinci bayansu.

Babanmu ya zaga neman jinkar har fadama, duhu ya koro shi, ya ce sai da safe. Da safen ko kunu bai sha ba sai ga dogarin hakimi a ƙofar Bulama, mai garinmu. Wai itatuwa sun faɗi sun tare hanyar Haɗeja, motar Di'o, Baturen mulki, kuma za ta wuce, don haka duk namiji mai ƙarfi ya fito da gatarinsa da guzurinsa, har shi Bulaman.

"Motar tasa ce za ta ciyar da mu?" in ji Inna, tana ƙulla masa gari a tsumma kamar ta shaƙe tsumman. "Rumbu a buɗe, ɗakin girki babu kai, sai a je share wa mutum hanya, mutumin da ba a ma san ranar zuwansa ba."

"Rage murya, dogari na waje," in ji Baba.

Ya hau ya shimfiɗa tsofaffin tabarmi a bakin rumbun, ya danne da itace. Da ya sauko ya ce, "Yayyafi kaɗai wannan zai tare. In ruwan gaske ya zo kafin mu dawo, to sai dai Allah." Sabuwar jinka kuwa ba maganarta. Shucin bara ya kusa ƙarewa, ɗan wanda ya rage ya jiƙe sharkaf, ga masu ɗaurawar an kwashe.

Aka bar gari ga mata da yara da tsofaffi. Wuni muka yi muna jan rassa da tara karare, ka share nan ka juyo ka tarar maƙwabciya ta turo nata sharar ta ƙarƙashin danga. Faɗa kuwa ba a magana. Mata biyu suka kama zana ɗaya, kowace na rantsuwa mijinta ya saƙa, har zanar ta rabu biyu kowa ta tafi da abin da ba zai rufe ko akurki ba. Duk wanda ya wuce da abu a ka sai a bi shi da kallo har ya shige gida.

Da magariba muka taru gaban kasko. Aka ce reshen kuka ya danne jakin mai gishiri, jakin bai mutu ba amma ya ƙi tashi. Aka ce an ga asabarin masallaci yana tafiya a kogi. Ni ina zaune ina jin labarina na yi mini zafi a baki, na bari sai ƙarshe.

"Kaka, rumbun Baba Mele yana da jinka."

Baba Mele tsohon masunci ne, iyayensa daga wajen Barno suka zo, gidansa na bayan namu. Ƙafarsa ɗaya ta shanye, shi ya sa dogari ya bar shi. Matarsa Ya Falmata ƙawar Kaka ce, kullum da yamma tana zuwa da audugarta da mazarinta ta zauna kaɗi, jikarsu Yagana kuma ita ce ƙawata. Ran nan dai ba su zo ba.

Kaka ta runtse idon nan. "Da ido?"

"Da ido. Duk unguwa shi kaɗai ne a rufe. Kuma ta yi masa yawa, kamar yaro ya sa malafar babansa. Tasa ta da baƙa ce, wannan ko sabuwa."

Inna tana bakin ƙofa ta ce, "Haba Iya, kada ki fara. Mutanen da muke ɗibar wuta a gidansu."

"Ni na ce wani abu? Mamaki kawai nake yi. Iska mai kunya, ta zo gidan Mele ta gaishe shi ta wuce, har ta bar masa tsaraba."

To, a garinmu ba a ce wa maƙwabci ɓarawo bayan iska, don kowa ya san ita ke kai kaya inda ba a aike ta ba. Akwai yadda ake yi. Mai kaya ya sa a yi cigiya, wanda abin ke hannunsa kuma ya kai gindin tsamiyar mashigi da asuba tun ba a gane fuska, ya ajiye ya tafi. In gari ya waye sai a ce iska ta mayar, ba mai tambayar kowa. Amma mai shelar Bulama yana can bakin hanya da gatari. Sai Kaka ta ce za ta yi cigiyarta da kanta. Washegari ta aike ni gida gida in kira yara, ta ce, "Ki biya ki ce wa Falmata ko na yi mata laifi ne."

Ran nan ɗakin ya cika har waje. Ya Falmata ta zo ta zauna inda ta saba, Yagana ta matso kusa da ni. Kaka ba ta ko nemi labarin kowa ba. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan ta fito daga rami."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Ta ce a zamanin da, kunkuru yakan tuɓe ƙoƙon bayansa ya wanke ya shanya a bakin kogi, kamar yadda muke shanya zane. Ran nan iska ta zo ta ɗauke ƙoƙon ta jefa ƙofar kwaɗo. A lokacin bayan kwaɗo sumul yake, ya fi na kowa kyau a fadama. Da ya ga ƙoƙo sai ya waiga dama, ya waiga hagu, ya shige. Ya yi masa yawa, yana tafiya yana ƙwal ƙwal. Zalɓe ya ce, "Kwaɗo, sabon ɗaki aka yi?" Ya ce, "Ai gadon kakana ne, yau na tono." Kunkuru kuwa yana can tsirara, rana ta gasa shi, ruwa ya doke shi. Bai kira sunan kowa ba. Zama ya yi a bakin ruwa yana 'yar waƙa, Kaka ta rera ta da siririyar murya tana kaɗa kai:

"Wanda iska ta bai wa nawa,
ya ji nauyi, ya ji nauyi."

Duk sanda ya rera sai ƙoƙon ya ƙara nauyi, ya ƙara matsewa. Kwaɗo ya daina tsalle. Da ambaliya ta zo kowa ya haye tudu, shi yana nan yana jan ciki. Da ƙyar ya fizge jikinsa ya fito, amma ƙoƙon ya riga ya ci bayansa, ya bar masa ƙuraje har jikokinsa.

"Shi ya sa," in ji Kaka, tana duban garwashi, "da an yi ruwa za ku ji shi yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba: ba ni ba, ba ni ba, ba ni ba. Nan ta tsaya, wanda ya ga wutsiyarta ya riƙe."

Sai kuwa kwaɗin fadama suka ɗauka kamar da su aka shirya. Yara suka fashe da dariya suna kwaikwayo, har da Yagana, don ba ta gane ba. Ni dai Ya Falmata nake kallo. Mazarinta ya daɗe da tsayawa, zaren ya tsinke ba ta ƙulla ba. Ta tattara audugarta ta ce, "Dudu, a tashi lafiya."

"Tun yanzu? To ki gaida mai gidan. Ki ce ina masa barka da iska."

Tatsuniyar Kaka ta shiga kowane gida a bakin yara, kuma ashe kwaɗin garinmu suna da yawa. Da gari ya waye gindin tsamiya kamar kasuwa: zana, tabarya, faifai, igiyar guga, filafilin kwalekwale, har da tukunyar da ba na jin iska za ta iya ɗaga ta. Ita kanta Inna na gan ta tana dawowa daga wajen a lulluɓe, ta ce wai ruwan kogi ta je dubawa. Kowa ya ɗauki nasa yana cewa iska ta mayar. Amma jinka babu. Ta rumbun Baba Mele tana nan zaune a karkace.

Da azahar zafi ya yi tsanani, iska ta ɗauke ɗif. Kafin la'asar gabas ta soma haɗa baƙin nan. Inna ta fita ta dubi sama, ta dubi tabarmin kan rumbu, ta shiga ɗaki ta sake fitowa. Ɗakunanmu duk suna yoyo, ba inda za a sa gero. Muna haka sai muka ji sallama da ƙarar sanda. Baba Mele ne. Ya tsaya a gaban Kaka bai zauna ba.

"Yaya Dudu, an ce shekaranjiya ina mutum, jiya na zama kwaɗo."

"Wa ya kira sunanka? Kwaɗi sun ƙare a fadama ne?"

"To. Ban zo shari'a ba. Ɗaga kai ki dubi gabas. Rumbuna rabi ne. A kwaso geronku a zuba a ciki kafin ya sauko."

Kaka ta yi wata dariya marar daɗi. "Oho. Jiya jinka, yau kuma gero?"

Fuskar tsohon ta yi duhu. Inna ta durƙusa ta ce, "Iya, don girman Allah. In ya jiƙe tsiro zai yi. Me za mu ba yaran nan?" Aka yi wata tsawa can nesa. Kaka ta daɗe tana kallon Baba Mele, shi kuma yana kallon ƙasa.

"A kwasa," in ji ta.

Mata suka hau aiki. Ni Kaka ta kamo ta kunne ta jawo ni har bakinta. "Ke za a sa a ciki ki jera, don ke ce ƙarama. In kin shiga ki ɗaga kai. Ran da ubanki ya ɗaura jinkarmu na ba shi laya a naɗe cikin ƙyallen saƙina na Juma'a, ya ɗaure a can ƙololuwa ta ciki. Kin san zanen. Ki dubo mini."

Aka ɗaga gefen jinkar Baba Mele aka tokare da sanda, aka zura ni ciki. Shi da kansa ya hau tsani da ƙafar nan tasa, mata na miƙo masa dami yana miƙo mini. Ciki zafi, ga ƙaiƙayi. Na jera, na jera, ina jin tsoron ɗaga kai. Da geron ya taso da ni sama, sai aka yi walƙiya, na duba.

Yana nan. Baƙin saƙi mai farin zare a gefe, wanda nake kwanciya a kansa ran Juma'a, yana lilo a saman kaina.

Da na sauke ido sai muka haɗa ido da Baba Mele. Ya ga na gani. Bai ce ki rufa mini asiri ba. Can ƙasa ina jin Yagana tana kira, "Azumi, ki bar mini wuri in zo mu ɓuya!" Sai ya ce a hankali, "Karɓi, 'yar nan. Ruwa na zuwa."

Na karɓa.

Dami na ƙarshe na shiga aka fara ɗigo manya manya. Aka ciro ni, aka zare sandar, jinka ta zauna. Ruwan da aka yi ran nan ya kwashe tabarmin Babanmu tun a tashin farko, washegari da aka leƙa rumbunmu ruwa ne kwance a ciki har da kwaɗo.

Amma kafin washegarin akwai magariba. Ya Falmata da Yagana ruwa ya tare su a gidanmu, muka zauna gaban kasko dukanmu a jiƙe. Na san abin da zai biyo baya in na faɗa. Kaka ba za ta kwana geronta na gidan wanda ta kama da hannu ba, ko cikin ruwan ne sai an kwaso. Kuma daga ran nan babu mai ƙara kiran Baba Mele da sunansa a garin.

"Kunnen Gari," in ji Kaka, "ajiye naki. Kin ɗaga kai?"

"Na ɗaga."

"Me kika gani?"

"Duhu, Kaka."

"Duhu kawai?"

"Duhu kawai."

Ta runtse idon nan ta zuba mini ɗayan. Ban taɓa jin kallo mai tsawo irinsa ba. Sai ta tura garwashi da tsinke ta ce, "To, duhu ma abin gani ne." Ta juya wajen ƙawarta. "Falmata, ke kuma kin zauna kamar baƙuwa. Ki gaya wa mutumin naki in maza sun dawo shi zai zauna ya murza igiyar sabuwar jinkarmu, tunda hannunsa lafiya lau. Waccan a bar ta, ta saba da inda take."

Ya Falmata ta sunkuyar da kai ta ce, "Zai murza, Dudu." Ta ɗauki mazarinta.

Maza suka dawo da kanta a hannu, motar Di'o kuma sai bayan sati ta wuce, ba ta ko tsaya ba. Daga rumbun Baba Mele muka ci tuwo har aka ɗaura mana sabuwa. Kullum shi ke hawa ya miƙo, bai taɓa bari wani ya leƙa ba.

Da ina yarinya na ɗauka darasin na kwaɗo ne, wato ka mayar da abin da ba naka ba. Da na yi aure na ga nawa rumbun a buɗe wata shekara, sai na fara fahimtar tsohon: tasa jinkar ta bi kogi, tamu ta faɗo ƙofarsa, ga hadari, ga nasa bakunan da zai ciyar. Ko nadama ce ta kawo shi gidanmu ran nan, ko dabara ce don kada a zo a ɗage jinkar, wallahi har yau ban yanke ba. Yanzu kuma da na yi furfura, Kakar tawa nake zargi. Matar da ba a taɓa yi wa ƙarya ta wuce ba, yaya za a yi ta karɓi tawa haka? Ina jin ta san abin da ke saman nan tun kafin ta kama kunnena. So take wani ya ce mata duhu ne a gaban Falmata, don ta ci geronta ba tare da ta rasa ƙawarta ba, kuma ta zaɓi mafi surutun jikokinta ta ɗora mata.

Na riƙe kuwa. Baba Mele ya rasu, Kaka ta rasu, Inna ta rasu ba ta sani ba. Yagana muka tsufa tare, ta sha ba 'ya'yanta labarin yadda kakanta ya ceci geron maƙwabta, ni kuma ina gefe ina cewa haka aka yi. Bara aka kai ta makwancinta. Shi ya sa yau na faɗa. Allah ya jiƙan su duka, ya yafe mini duhun nan.